Hutu a Turai: Abubuwan da ya kamata matafiyi ya sani

A kowace shekara, idan aka rufe makarantu a watannin Yuli da Agusta, iyalai da dama daga Najeriya, da Nijar, da Ghana kan yi haramar zuwa hutu a ƙasashen Turai.

To sai dai da yawa daga cikinsu tafiyar kan watse tun a ofishin jakadanci. Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa a shekarar 2024 an yi watsi da fiye da kashi 40 cikin ɗari na takardun neman bizar Shengen da aka gabatar a Najeriya, kuma ba a mayar wa wanda aka hana kuɗin da ya biya. Wannan ne ya sa ya kamata a soma shirin tafiyar watanni kafin a ɗaure kaya.

Mece ce bizar Shengen?

Sunan ya samo asali ne daga wani ƙauye a ƙasar Luxembourg, inda a shekarar 1985 ƙasashe biyar suka rattaba hannu kan yarjejeniyar soke binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu. Yarjejeniyar ta fara aiki a 1995, kuma ƙasashe 29 ne ke cikinta, ciki har da Faransa, da Jamus, da Italiya, da Sifaniya, da Holan.

Biza guda tana bai wa mutum damar zagaya dukkan waɗannan ƙasashe, na tsawon da aka rubuta a jikinta, wanda ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180.

Birtaniya da Ailan ba sa cikin tsarin. Saboda haka mai son haɗa Paris da London a tafiya ɗaya sai ya nemi biza biyu.

Yaushe ake nema, kuma a ina?

Doka ta yarda a miƙa takardu tun ana sauran wata shida a tafi, amma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Galibi ana yanke hukunci cikin kwana 15, ko da yake wa'adin kan kai kwana 45 idan ana buƙatar ƙarin bincike. A lokacin hutun makarantu, samun ranar ganawa kaɗai kan ɗauki makonni.

Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai a nemi ta ƙasar da za a fara sauka.

Tun daga watan Yunin 2024 kuɗin bizar ya koma Yuro 90 ga babba, da Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Wajibi ne fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka gabata, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, sannan wa'adinsa ya zarce ranar baro Turai da aƙalla wata uku.

Haka kuma ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da ta tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki.

Abin da jami'in biza ya fi son tabbatarwa shi ne mutum zai koma gida. Don haka takardar wurin aiki, ko rajistar kasuwanci, ko shaidar karatun yara suna da nauyi sosai. Kuɗi mai yawa da aka zuba a asusu dare ɗaya, ba tare da bayanin inda ya fito ba, yakan jawo shakku maimakon ya taimaka.

Wanda aka hana biza ana ba shi dalili a rubuce, kuma yana da ikon ɗaukaka ƙara. Wanda aka bai wa ma, jami'in kan iyaka na da hurumin tambayarsa masauki da guzuri, ya kuma mayar da shi idan bai gamsu ba. Daga watan Oktoban 2025 aka fara aiki da wani sabon tsari na ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a iyakokin yankin.

Me aka hana shiga da shi?

Tarayyar Turai ta haramta wa matafiya daga wajenta shiga da nama da kayan madara a cikin kayansu, domin kare dabbobinta daga cututtuka. Ke nan kilishi, da dambun nama, da man shanu, da cuku ba sa tsallake kwastan, komai kyan ƙunshinsu, kuma ana iya cin tarar mai su.

Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 dole ne ya bayyana su. Mai shan magani kuwa, gara ya bar shi a kwalinsa na asali, ya riƙe takardar likita.

Sutura da ibada

Wasu ƙasashen sun hana rufe fuska a bainar jama'a, kuma dokar ta shafi 'yan yawon buɗe ido. Faransa da Beljiyam sun fara aiki da ita a 2011, Austriya a 2017, Denmark a 2018, Suwizalan kuma a watan Janairun 2025. A Faransa tarar na iya kaiwa Yuro 150. Hanin ya shafi niƙabi ne, amma mace na iya yawo a titi da hijabi ko mayafin da bai rufe fuska ba.

Lokutan salla ma sun sha bamban da na gida. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe goma na dare, alfijir kuma ya keto 'yan sa'o'i kaɗan bayan Isha'i. Jadawalin masallacin garin da aka sauka shi ne abin dogaro.

Manyan birane irin su Paris, da Berlin, da Brussels suna da masallatai da wuraren cin abinci na halal masu yawa, musamman a unguwannin Turkawa da 'yan arewacin Afirka. A ƙananan garuruwa kuwa samunsu kan yi wuya, don haka yana da kyau a bincika tun kafin a kama ɗakin otal.