Kyankyason Da Ya Juya Wa Zaƙi Baya

A ƙarshen shekarun 1980 masu haɗa maganin kyankyaso a Amurka suka fara samun ƙorafi daga jihar Fulorida. Maganin abinci ne mai zaƙi da aka cuɗa da guba, ana ajiye shi a lungunan kicin, kuma a shekarun farko yana share gida tas. Sai ga shi ana ajiyewa, ƙananan kyankyasan nan da ake kira 'yan Jamus suna ta harkar gabansu.

Zaton farko shi ne jikinsu ya saba da gubar. Masanin ƙwari Jules Silverman ya bincika, ya tarar gubar na nan da ƙarfinta. Ashe ci ne ba sa yi. Da ya bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, sai laifin ya faɗa kan gulukos, sukarin da aka zuba don ya jawo su. A 1993 ya wallafa sakamakon.

To, wayo suka koya da ganin 'yan'uwansu na mutuwa? A'a. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe a ɗakin bincike, waɗanda ba su taɓa ganin maganin ba, su ma sun ƙi gulukos. Gado ne. Waɗanda ba sa son sa su ne suka tsira suka hayayyafa.

Abin da ya rage shi ne yadda zaƙi ke korar ƙwaro, kuma sai da aka yi shekara 20 kafin a warware. A 2013, a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, Ayako Wada-Katsumata tare da Silverman da Coby Schal suka duba 'yan siraran gasun da ke bakin kyankyaso, waɗanda da su yake ɗanɗano. A cikin gashin akwai ƙwayoyin jijiya, wata tana amsa zaƙi ta ce a ci, wata tana amsa ɗaci ta ce a bari. Suka auna saƙon lantarkin da kowace ke aikawa. A kyankyaso na yau da kullum gulukos yana tada ta zaƙi ne. A waɗannan kuwa yana tada ta ɗaci, wadda ke amsa sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da goro, ita kuma ta zaƙin sai muryarta ta yi ƙasa. Furuktos, sukarin 'ya'yan itace, har yanzu suna shan sa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farashin wannan tsira. Masu ƙin gulukos ba sa girma da sauri, kuma matsalar ta bi su har wajen barbara. Namiji kan ɗaga fukafukansa ya ba mace wani ruwa mai zaƙi da ke fita a bayansa, tana lasa yana neman haɗuwa da ita. Binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna yawun macen yana farfasa sukarin maltos da ke cikin ruwan ya koma gulukos, sai ta ji ɗaci ta tafi kafin a gama. Daga baya aka gano mazan irinsu sun ƙara maltotirayos a kyautar, sukarin da ba ya saurin farfashewa, sun kuma ƙara hanzari.

Kamfanoni sun sauya sukarin da suke zubawa. Idan ka ajiye irin wannan magani kwana da kwanaki ba a taɓa shi ba, kada ka ƙara yawansa, nemi wani mai haɗi dabam.