Itacen Turare: Asalin Iri Shi Ne Ginshiƙin Riba A Kudancin Kaduna

Kafanchan: Bukatar sandunan gini, da turakun wutar lantarki, da itacen girki, ta sa dashen itacen turare ya zama hanyar zuba jari a Kafanchan da kewayenta. Sai dai ribar wannan sana'a ta dogara ne kan wani abu da masu jari da yawa ba sa lura da shi, wato inda aka samo irin da za a shuka.

Asalin itacen turare daga ƙasar Ostareliya ne, kuma nau'o'insa sun haura 700. Wanda aka fi shukawa a Arewacin Nijeriya shi ne wanda masana ke kira kamaldulensis. Wannan nau'i ya bazu a kusan duk faɗin Ostareliya, daga kudu inda ake ruwa lokacin sanyi, zuwa arewa mai zafi inda ake damina da rani kamar yadda ake yi a nan. Saboda haka iri biyu na iya zama da suna ɗaya, amma halinsu a gona ya sha bamban.

An tabbatar da haka a cikin jihar Kaduna. Tashar binciken gandun daji ta Samaru, Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gwada irin da aka kawo daga sassa daban-daban na Ostareliya a dajin Afaka, kusa da Kaduna. Irin da ya fito daga Petford, a arewacin jihar Kwinsland, ya yi fice wajen saurin girma da miƙewa. Na Katherine, daga yankin arewacin ƙasar, shi ma ya nuna ƙwazo. Amma na tafkin Albacutya da ke kudu, wanda ya yi suna a ƙasashen bakin Bahar Rum, bai dace da ƙasashe masu zafi ba.

Duk da haka, bai kamata a ɗauki sakamakon Afaka a matsayin hukunci na ƙarshe ga Kafanchan ba. Yankin, wanda ke gindin tsaunukan Kagoro da tudun Jos, ya fi Kaduna samun ruwan sama, shi ya sa itacen tik ya karɓu a dajin Nimbiya tun shekarun 1950. A irin wannan wuri akwai damar gwada nau'o'in da suka fi son danshi, kamar kuloziyana, wanda ya shahara wajen ba da turaku miƙaƙƙu masu ƙarko, da kuma teretikonis. Kamaldulensis na da juriya, amma katakonsa kan tsage ko ya lanƙwashe idan bai bushe yadda ya kamata ba. Don haka wajibi ne mai jari ya fara sanin kasuwarsa: turaku zai sayar, ko katako, ko makamashi.

Babban haɗari shi ne irin da ake tsinta daga itatuwan bakin hanya ko na shingen gida. Nau'o'in turare da ke da dangantaka kan haɗu ta hanyar ƙudan zuma, sai 'ya'yan su fito iri-iri, wasu dogaye, wasu karkatattu. Haka kuma irin da aka ɗiba daga itace guda ɗaya kan ba da dashe marar ƙwari. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a tara iri daga aƙalla itatuwa 25 lafiyayyu kuma miƙaƙƙu, waɗanda ke nesa da juna.

Ta fuskar kuɗi, iri shi ne mafi arha cikin kayan aikin. Kilo ɗaya na ɗauke da ƙwayoyi dubu ɗaruruwa, alhali hekta guda, idan aka bar tazarar mita uku tsakanin itatuwa, dashe 1,111 kawai take ci. Kuɗin sharar fili, da na leburori, da na yaƙi da gara da gobarar daji, ɗaya ne ko irin mai kyau ne ko marar kyau. Bugu da ƙari, turare kan sake tohowa daga kututture bayan an sare shi, ta yadda ake girbi sau biyu ko uku daga shuka ɗaya. Ma'ana, kuskuren da aka yi ranar sayen iri zai bi mai gonar har shekara ashirin ko fiye.

Saboda haka ana shawartar mai son shiga harkar ya nemi iri ta hannun Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Ibadan, kuma take da tasha a Samaru da kwalejoji a Afaka da Jos. Ya nemi takarda mai nuna sunan nau'in, da wurin da aka samo shi, da shekarar da aka tara shi. Ya kuma gwada tsirar irin a lambu kafin ya biya kuɗi mai yawa, sannan ya shuka iri biyu ko uku a ƙaramin fili, ya ga wanda ƙasarsa ta karɓa kafin ya faɗaɗa gonar.