Barin Sigari a Koma Tumbak: An Gudu Ba a Tsira Ba

A Mantiƙa Sinaiya ta Khartum, unguwar garejoji da masu walda, ba wuya ka ga makanike ya fito daga ƙarƙashin mota, ya goge hannu da tsumma, ya zaro 'yar leda daga aljihu, ya mulmula ɗan curi ya cusa tsakanin leɓensa da dasashi. Wannan shi ne tumbak, wanda Sudaniyawa ke kira sa'ud, curin kuma saffa. Ka tambayi wasu daga cikinsu, har da Hausawan da suka daɗe a Khartum da Omdurman, za su ce maka sun bar taba, alhali sigari kawai suka ajiye. Wanda ya yi wannan sauyi ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, domin nikotin ɗin da ya kama shi yana nan a jininsa, ƙofar shiga kawai ya canza.

Dalilan komawar a fili suke. Na farko kuɗi. Sigari kayan masana'anta ne, kuma kasuwarsa ba ƙarama ba ce, tunda a 2011 kamfanin Japan Tobacco ya sayi masana'antar Haggar mai yin Bringi kan dala miliyan 450. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, fam ɗin Sudan ya faɗi warwas, mai aikin hannu kuwa ya fi iya sayen tumbak na 'yan canji. Na biyu yanayin sana'a: mai aiki kusa da fetur, hannu duk baƙin mai, ba shi da damar kunna wuta, amma saffa tana zaune a baki yana ta ɗaure noti. Na uku kunya, domin babu hayaƙin da zai tona wa yaron gareji asiri a gaban maigidansa ko mahaifinsa.

Sai dai yadda ake haɗa tumbak ya sa kamunsa ba ya da sauƙin kwancewa. Ganyensa na nau'in taba ne mai suna Nicotiana rustica, wadda ta fi tabar sigari yawan nikotin, ana noma ta a Darfur, musamman yankin Al-Fashir. Ana barin ganyen ya ruɓa, a niƙa, a kwaɓa da atrun, wato kanwa. Aikin kanwar shi ne buɗe wa nikotin hanya ya ratsa fatar baki da sauri. Karan sigari yana ƙarewa cikin mintuna kaɗan, saffa kuwa tana daɗewa, ana tofar da wata a saka wata. Tun shekarun 1990 binciken likitocin Sudan ya nuna cewa sinadaran naitirosamin masu haddasa ciwon daji suna da yawa ƙwarai a tumbak, cikin mafi yawa da aka taɓa aunawa a kayan taba, kuma dajin baki yakan fito daidai inda aka saba ajiye curin.

Mai musu zai ce ai a Suwidin maza da yawa sun bar sigari sun koma tabar baki da ake kira snus, dajin huhu ya ragu a can. Gaskiya ne, amma snus ana gasa shi da zafi don kashe ƙwayoyin da ke haifar da waɗannan sinadarai, hukuma kuma tana sa ido a kansa, tumbak kuwa ruɓar da shi ake yi, a tallata shi a buɗe ba awo. Wani zai ce mutumin da yaƙi ya raba da gidansa da jarinsa, a ƙyale shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Wannan magana tana da tausayi, sai dai natsuwar da yake ji ta biyan bashi ce. Cikin kamar awa biyu rabin nikotin ɗin da ke jini yake fita, jiki ya fara ƙaiƙayi da ƙunci, sabon curi ya kashe ƙishin da tsohon curi ya haifar. Sabo turken wawa.

Barin na gaskiya yana da wahala, amma wahalar tana da iyaka. Ciwon kai, saurin fushi da rashin barci sun fi tsanani a kwana ukun farko, sannan su lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Mai azumin Ramadan yana wuni cur ba saffa, abin da ya rage masa shi ne kada ya buɗe baki da ita. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin taimaka wa masu son bari, inda ta haɗa shawarar ma'aikacin lafiya da magunguna irin su cingam da filastar nikotin, varenicline da cytisine. Sudan ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta hukumar tun 2005, amma muddin faɗakarwa ta tsaya ga hayaƙi da huhu, mai tumbak zai ɗauka ba da shi ake ba. Yayin da ake farfaɗo da asibitocin Khartum, ya kamata likita da mai kemis su riƙa tambayar kowa ko yana sa saffa, su kuma ɗaga leɓensa su duba. Farin tabo ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, asibiti yake bukata tun da wuri.