Jego ba albashi: Tanadin haihuwa a yankin Bunkure da Kura

A yankin noman rani na Bunkure da Kura a jihar Kano, akasarin matan da ke neman na kansu ba ma'aikatan albashi ba ne, don haka ba su da abin da ake kira hutun haihuwa. Ranar da mace ta ajiye sana'a domin ta haihu, ranar ce kuɗi kan daina shigo mata.

Babban haɗarin da ke gaban irin wannan mace shi ne ta cinye jarinta a kwanakin jego, ta yadda idan ta yi arba'in ba ta da abin komawa sana'a. Wannan ne ya sa tanadin haihuwa ya zama batun lissafi, wanda ake farawa tun cikin yana ƙarami.

Sana'ar mata a bakin ruwa

Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka fi sani da na Kadawa, yana samun ruwa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ruwan yana bi ta magudanai zuwa gonaki a ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Manoman yankin suna noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana samar wa mata aiki. Wasu suna sayen shanshera su turara, su shanya, su kai inji, sa'an nan su sayar. Wasu suna fita aikin dashe da tsinkar tumatir da sheƙa, a biya su a wuni ko bisa yawan kwandon da suka cika. Waɗanda ke cikin gida kuma suna dafa abincin sayarwa ga 'yan ƙwadago, ko su yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Shigar mata cikin tattalin arzikin yankin ta daɗe. Wata masaniya, Cecile Jackson, ta yi nazari a kan matan da ke cikin shirin a shekarun 1970, ta kuma wallafa littafi a kansa a 1985. A cikin shekarun na 1970 ne kuma wasu mata masu tsinkar koren wake a gonar wani kamfanin Turai da ke yankin suka yi yajin aiki kan ƙarancin lada.

Abin da ya haɗa dukkan waɗannan sana'o'i shi ne ba a samun ko kwabo sai an yi aikin da hannu.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya bai wa ma'aikaciya damar barin aiki makonni shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma haramta sa ta aiki a makonni shidan da ke biye da haihuwar. Idan ta yi watanni shida a jere tana aiki a wurin, wajibi ne a biya ta aƙalla rabin albashinta a tsawon makonni 12 ɗin. Bayan ta koma, tana da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa.

Dokar ta shafi masana'antu da kamfanonin kasuwanci da kuma gonakin da ke ɗaukar ma'aikata. Sai dai mai aikin da kansa ne zai biya, kuma dokar ba ta ɗora masa kuɗin asibiti ba.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ba da makonni 16 da cikakken albashi, sa'an nan a 2021 aka amince da kwanaki 14 ga mazan da matansu suka haihu. Jihar Legas ta ƙara hutun zuwa watanni shida a 2014, jihar Kaduna ma ta bi sahu a 2019.

A matakin duniya kuwa, yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a shekara ta 2000, ta nemi a ba da aƙalla makonni 14, a kuma biya abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba. Ta kuma ce kuɗin su fito daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali, domin kada kamfanoni su riƙa gudun ɗaukar mata. Najeriya ba ta amince da yarjejeniyar a hukumance ba.

To amma duk waɗannan tanade-tanade sun tsaya ne a kan mai albashi. Alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba na hukuma ba. Mai turara shinkafa a Kura da mai tsinkar tumatir a Bunkure duk a cikinsu suke.

Kwana arba'in na al'ada

Tun kafin zuwan doka, Hausawa suna da nasu hutun haihuwa. Mai jego takan yi kwana arba'in tana wanka, ana ɗauke mata girki da aikin ƙarfi. Idan haihuwar fari ce, sau da yawa takan tafi goyon ciki gidan iyayenta.

Al'ada da addini sun raba nauyin. Ci da sha da sutura da magani haƙƙi ne a kan miji, haka nan itacen wanka da kayan ƙauri da ragon suna. Dangi da ƙawaye kuma sukan zo da kayan barka, kamar sabulu da turamen zane da kayan jariri, baya ga biki, wato gudummawar da mata kan yi wa juna, wadda kowace ke ramawa idan tata ranar ta zo.

Sai dai akwai ɗawainiyar da mace ke yi da kuɗinta, wadda ba ta jiran a gama jego. Akwai zubin adashi, da kayan ɗakin da take tara wa 'yarta, da taimakon iyaye, da bikin da ake bin ta, da kuma cikon cefane a gidan da samun miji bai kai ba. Idan babu tanadi, daga jari ake zarar waɗannan kuɗi, yau kaɗan gobe kaɗan.

Kazalika, kwana arba'in ba shi ne iyakar giɓin ba. Mai aiki a bakin murhu ko a tsakiyar gona takan rage aiki tun a watannin ƙarshe na ciki. Bayan haihuwa kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har watanni shida, abin da ke da wuya ga uwar da ke wuni a gona.

Yadda ake lissafin giɓin

Lissafin yana da matakai uku: sanin abin da ke shigowa a yanzu, sanin tsawon lokacin da zai tsaya ko ya ragu, da kuma raba giɓin a kan watannin da suka rage kafin haihuwa.

Alal misali, ma'aikaciyar da ke karɓar naira 70,000 a wata, wato mafi ƙarancin albashin da aka kafa a Najeriya a 2024, idan rabi za a biya ta na kusan watanni uku, za ta rasa kimanin naira 105,000. Idan ta fara tanadi da saura watanni bakwai, naira 15,000 za ta riƙa warewa a wata. Idan ta jinkirta har saura watanni uku, sai ta ware naira 35,000, wato rabin albashinta. Hausawa dai sun ce tun ran gini tun ran zane.

Ga mai sana'a, da riba ake lissafi, ban da uwar kuɗi. Idan aka ƙaddara cewa mace tana samun ribar naira 2,000 a rana, kuma za ta yi kwana 60 ba ta aiki, giɓinta naira 120,000 ne. Daga nan sai ta cire abin da za a iya jinkirtawa, ta bar abin da ya zama dole.

A yankin noman rani akwai ƙarin abin lura, domin samu yana tafiya ne da kalandar gona. Ana girbin shinkafar damina a wajen Oktoba da Nuwamba, tumatir yana kakarsa daga Janairu zuwa wajen Afrilu, alkama kuma ana yankanta a Maris da Afrilu. Macen da haihuwarta za ta faɗo a tsakiyar kakar da ta fi samu ta fi wadda za ta haihu a lokacin da aiki ya yi sanyi asara, saboda haka tana bukatar ta ware kaso mafi girma daga kakar da ta gabata.

Wuraren ajiya da haɗarinsu

Adashi shi ne hanyar da mata suka fi sabawa da ita. Mai ciki za ta iya roƙon uwar adashi a sa kwasarta ta zo daidai da watan haihuwa. Matsalarsa ita ce zubi ba ya tsayawa don an haihu, don haka dole a ware kuɗin zubin kwanakin jego daga cikin abin da aka kwasa. Kuma idan wata ta gaza zubi, babu inda za a kai kuka sai wurin manya.

Asusun ƙasa ko na katako yana da sauƙi, amma yana kusa da hannu, kuma darajar kuɗin da ke cikinsa tana zagwanyewa. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashin kaya a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana abin da naira 100,000 ta saya a ƙarshen 2023 sai an biya kusan naira 135,000 kafin a same shi bayan shekara guda.

Wannan ne ya sa wasu suka fi son ajiye dukiya a kiwo ko a buhu. Tunkiya ko akuya tana haihuwa, ragon turke kuma yana daraja gab da Babbar Salla. Buhun shanshera da aka saya da kaka yakan ƙara kuɗi zuwa tsakiyar damina. Amma dabba tana ciwo, ana kuma sace ta, farashi ma ba kullum yake hawa ba, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da kuɗin shinkafa ya sauka. Tumatir kuwa ba abin dogaro ba ne, kamar yadda ɓarnar tsutsar da manoma ke kira sharon ta nuna a gonakin Kano a 2016.

Akwai kuma tsarin da ya samo asali daga ƙasar Hausa. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma daga can ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata kimanin 15 zuwa 30 ne kan haɗu kowane mako su yi zubi a cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mutane daban-daban. Suna ba juna rance, su raba abin da suka tara bayan watanni tara zuwa shekara. Bambancinsa da adashi shi ne yana da ƙaramin asusun taimako na ko-ta-kwana, wanda ake bai wa mamba idan lalura ta same ta.

Ga masu son banki, Hukumar Inshorar Ajiya ta NDIC ta ƙara kuɗin da take lamuncewa a 2024 zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma masu lasisi. Masu ƙyamar kuɗin ruwa suna da zaɓi, kamar bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Sai dai ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira, ya nuna cewa kuɗin da za a bukata da tsakar dare bai kamata a zuba su duka a banki ba.

Kuɗin da ba a taɓawa

Ko wace hanya aka bi, tanadin yana fin amfani idan aka kasa shi gida uku: kuɗin lafiya, kuɗin cike giɓi, da kuma jari.

Kuɗin lafiya su ne kan gaba. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya kiyasta cewa mata 512 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma jinkirin isa asibiti yana cikin manyan dalilan. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta. Duk da haka, kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kura ko Rano, ko zuwa asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano a cikin birni, da abincin mai jinya, suna kan iyali ne. Wannan kaso ne da ya kamata miji da mata su zauna su tsara shi tun da wuri.

Jari kuwa ana iya barinsa yana juyawa a hannun 'yar'uwa ko kishiya ko maƙwabciya bisa yarjejeniyar raba riba, a gaban shaidu. Hakan yana hana masu sayen kaya komawa wurin wata, ya kuma bar wa mai jego abin da za ta ci gaba da shi, tun da yake da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tanadin mutum ɗaya dai yana da iyaka, domin mai aikin wuni da ke cinye ladanta a ranar ba ta da rarar da za ta ajiye. Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin tallafa wa irin waɗannan mata kai tsaye. Indiya, alal misali, ta fara wani shiri a 2017 na biyan mata rupi 5,000 a haihuwar fari, domin rage musu asarar ladan aiki.

A Najeriya babu irin wannan tsari da ya game ƙasa baki ɗaya. Har zuwa lokacin da za a samar da shi, hutun haihuwar mai sana'a a Bunkure da Kura zai ci gaba da dogara ne a kan abin da ita da mijinta da ƙawayenta suka iya warewa kafin naƙuda ta zo.