Aikin Malamin Jagora a Makarantar Sakandare

Malamin jagora shi ne wanda makaranta ta ɗora wa nauyin kula da yaran da karatu ya gagare su, ba don ƙarancin basira ba, sai don wani abu da ya tare musu hanya. Ba ya riƙe alli, ba ya ba da maki. Yakan zauna da yaro su biyu, sau ɗaya a mako ko fiye, har ya gano inda gizo ke saƙa.

A ƙasar Ingila aka tsayar da wannan aiki sosai cikin 1999, sa'ad da gwamnatin Tony Blair ta fito da shirin gyara makarantun manyan birane, irin su Landan da Manchester da Birmingham. Ba a sa takardar malanta ta zama sharaɗi ba. Abin da aka fi nema shi ne mutum mai haƙuri, wanda yara za su amince su faɗa masa cikinsu.

Ga yadda aikin yake tafiya. Malamin aji yakan lura yaro ya fara fashi, ko makara, ko ya yi shiru bayan da shi ne mai ɗaga hannu. Sai ya miƙa sunansa. Malamin jagora ba ya fara da faɗa, domin wanda aka tsorata ba ya faɗin gaskiya. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, amma babba ne ga mai shi. Wani da yunwa yake zuwa. Wani ubansa ya rasu, shi ke riƙe da gona. Wani idonsa ne ba ya hango allo, wani kuwa Turancin ne ya yi masa nisa tun daga firamare, yana kunyar a sani. In an gane matsalar, sai su rubuta abin da yaron zai cika a ɗan lokaci, watau kamar zuwa kullum har mako biyu, sa'an nan a duba, a ƙara. Ranar da ya tsaya da ƙafarsa sai a sallame shi, a ɗauki wani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ake kiranta Barewa yanzu, makarantar kwana ce, kuma a irin waɗannan makarantu malamin da ke kula da gidan kwana ya san cin kowane yaro da rashin lafiyarsa. Amma yanzu makarantun jeka-ka-dawo sun yawaita, da an tashi kowa ya watse. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta nemi a sa malaman ba da shawara a sakandare, sai dai a wurare da yawa akan jingina aikin ga malamin da azuzuwa suka riga suka cika wa hannu. Wannan suna ne kawai.

To, ina hakimi ya shigo? Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, har ƙarshen ƙaramar sakandare. Malamin jagora yana iya gane cewa daga gida matsalar take, amma ba shi da ikon kiran maigida. Hakimi yana da shi, ta hannun dagaci da mai unguwa. Ya kamata a kira uban a keɓe, ba a gaban fadawa ba, gama wanda aka kunyata yakan huce a kan ɗansa. In maganar cire yarinya ce domin aure, a nemi a bari ta kammala, a sa malama mace ta gana da uwar.

Magatakarda kuwa, in takarda ta zo daga makaranta a kan wani yaro, ya rubuta ranar isowarta da sunan unguwa a littafi, ya kai wa hakimi hannu da hannu. Kada a karanta ta a zaure. A mai da wa shugaban makaranta amsa kafin mako ya zagayo.