Kufan Surame Na Jiran Marubucin Labarin Ban Tsoro

Duk wanda ya tashi a Malisa ko Kalgo, ko wani gari na ƙasar Gwandu, ba zai manta da hirar bayan sallar lisha ba, sa'ad da yara kan kewaye tsohuwa ta yi musu tatsuniyar Dodo, ko ta ba su labarin fatalwa da maye mai kama kurwa. Yaro kan kasa zagayawa bayan ɗaki don tsoro, amma gobe shi ne zai riga kowa zama. Irin wannan tsoro mai daɗi ne waɗansu ƙasashe suka mayar adabi mai daraja, alhali mu da muke da kayan aikin jibge mun bar su a bakin tsofaffi.

A Ingila aka soma. Cikin 1764 Horace Walpole ya wallafa labarin wata tsohuwar fada mai suna Otranto, inda alhakin kakanni ya biyo jikoki. Aka raɗa wa salon suna Gotik, watau sunan irin ginin tsofaffin fadoji da majami'un Turai. Daga baya Mary Shelley ta fito da Frankenstein a 1818, Bram Stoker kuma ya fito da Dracula a 1897. Ginshiƙan salon uku ne: tsohon gini, da duhu, da wani asiri da aka binne ya ƙi binnuwa.

Mutanen arewacin Turai, watau Suwidin da Norwe da Aislan, sun daɗe da tattara tatsuniyoyinsu. Asbjørnsen da Moe sun fara buga na Norwe tun 1841. Har wa yau sun shahara da labaran binciken kisan kai, irin na Henning Mankell. Marubutansu na baya-bayan nan sai suka gwama abubuwan nan uku a tukunya ɗaya. Misali shi ne littafin da Yrsa Sigurdardottir ta Aislan ta fitar a 2010. Ta kafa labarin a Hesteyri, wani ƙauye na gaske wanda mutanensa suka watse a 1952. Mutum uku sun je gyaran wani tsohon gida cikin tsananin sanyi, fatalwa ta hana su sakat, can kuma a wani gari wani likita na bin sawun mutuwar wata tsohuwa. Da aka tono, ashe fatalwar ta wani yaro ce da aka zalunta shekaru aru-aru, kowa ya kau da kai.

Mu ma an tara namu. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i 3, daga 1911 zuwa 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya biyo da Tatsuniyoyi da Wasanni. Aljanu ma ba baƙi ba ne a ƙagaggun labaranmu, gama suna cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933. Sai dai aljanun nan na ban mamaki ne da taimakon jarumi. Ba su zo tonon wani asiri ba.

Wurin kafa labari kuwa, ƙasar Kabi ba ta rasa ba. Ga Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina da duwatsu a ƙarni na 16, wanda ya zama kufai bayan da sarauta ta koma Birnin Kebbi wajen farkon ƙarni na 18, yanzu yana cikin Jihar Sakkwato. Ruwayar baka ta ce da ƙwadagon mutanen ƙasashen da Kanta ya ci aka ɗora ganuwarsa. Ga Alwasa, inda aka gwabza ƙazamin yaƙi a 1805 kafin a kai wa Gwandu hari. Ga Matan Fada a Argungu, da Sarkin Ruwa da labaran kadoji. Wace fadar Otranto ce ta fi waɗannan?

Wani zai ce irin wannan rubutu zai ƙara wa jama'a camfi. Maganarsa abin dubawa ce, domin mun san yadda a ƙauyuka yaro kan kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin sambatu, nan take a ce mayya ce, a tilasta mata tsallake shi, wani lokaci har a kore ta daga gari. To, a nan ne amfanin bincike ya ke. Marubucin da ya san aikinsa zai bar mai karatu ya ji tsoron tsohuwar tun farko, sa'an nan ya bi sawu a hankali har a ga wanda ya fara yaɗa maganar, da gonar da ya ke haƙo. Mai karatu zai rufe littafin yana tsoron ƙazafi fiye da maita.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, in sun je hutu su zauna da tsofaffi su rubuta abin da suka ji, da sunan wuri da irin lafazin mai ba da labari. Malaman Hausa kuma su ba su ƙarfin guiwa. Tsofaffin nan dai kullum raguwa su ke yi, kowane kuwa da nasa labarin ya kan tafi. Allah Ya ba mu masu himma.