Yaron da Ya Yi Laifi a Abuja, Ina Za a Kai Shi?

Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, cikinsu har da ƙananan yara da aka kwaso daga Arewa. Tuhumar ta kai ga cin amanar ƙasa, beli kuma naira miliyan 10 kowane kai. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Da ƙasa ta ɗauki zafi, Shugaba Tinubu ya ce a sake su, Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

Waɗannan sun ci sa'ar kyamara. Yaron da ya fizge waya a Nyanya ko ya kwance ƙarfe a Mpape, wa zai gan shi?

Abin takaici, doka ba ta yi shiru ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja, ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kuma kotun iyali ce ke da hurumin shari'arsa. Ta hana ɗaure shi a gidan yari, ta hana yi masa bulala, ta ce tsare shi kafin shari'a sai in babu makawa. Sashe na 209 ma ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara damar kashe ƙaramin laifi ba tare da zuwa kotu ba: a yi sulhu, a biya mai kaya, a sa yaron hannun wanda zai sa masa ido. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ƙara da hana cakuɗa yara da manyan fursunoni.

A nan gizo ke saƙar. Sa ido sai da mai ido. Gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani uku ne, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, kuma su ma tsarewa ce. Abin da sashe na 209 ke nema a unguwa yake: uba ko kawu da zai tsaya wa yaron, mai unguwa da limami da za su zaunar da shi da wanda ya cuta, da maigidan da zai karɓe shi koyon aiki, ko a garejin makanikai na Apo ko wurin kafintocin Kugbo.

Sai dai Abuja garin baƙi ce. Yaron da ya zo cirani yana bola-jari, yana kwana a kango, ba shi da kawu a nan, mai unguwa bai san sunansa ba. Ɗan sandan da ke son sakinsa ma ya rasa wa zai damƙa wa. A ganina a nan ya kamata Hukumar Babban Birnin Tarayya ta zuba kuɗi: jami'an walwala da za a kira ofishin 'yan sanda tun daren da aka kama yaro, da ɗan tallafi ga masu sana'ar da suka yarda su riƙe shi. Sarakunan Hausawa da ke unguwannin Abuja sun san 'yan cirani gari-gari, su ya kamata a fara tuntuɓa.